Motar da Ba Ta Wuce Kura

Muddin a cikin Kano take, motar lafiyarta ƙalau. A kai yara makaranta, a wuce Kantin Kwari, bugu ɗaya take tashi. Amma duk ranar da mai ita, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya kama hanyar Zariya, da wuya ya gota Kura injin bai ɗauke ba. Sitiyari ya yi nauyi, burki ya yi tauri, fitilun dashbod su kama baki ɗaya. Ya lallaɓa gefen titi, ya yi ta murza makulli, kik na juyawa, inji ya ƙi kamawa. Bayan kamar minti 20 sai ta tashi kamar ba ita ba.

Abin da aka fara zargi batir ne, aka sayi sabo. Ba a rabu da Bukar ba. A wani gareji aka ce famfon mai ne, kuma zargin yana da tushe, domin famfon a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, mai yawo da ragowar mai a gindin tanki kuwa yana gasa famfonsa ne. Aka je Ƙofar Ruwa aka sayo famfo da filta, aka haɗa da filogi huɗu. Tafiya ta gaba, wajen Kura, ta sake mutuwa.

Daga nan aka yi masa kwatancen wani dattijon bakanike da ya haɗa da aikin waya. Shi wannan bai buɗe bonet ba sai da ya gama tambaya.

"Alhaji, in za ta mutu, tana fara fizga da tari ne, ko ɗif take yi?"

"Ɗif, Malam. Kamar an kashe makulli."

"To da kamar wuya a ce mai ne. Motar da mai ya yanke mata sai ta yi ta shaƙewa, ka taka totur ta ƙi amsawa, kafin ta mutu."

Ya ɗora mita a kan batir, inji na aiki: bolt 14. Altaneta na caji, tunda abin da ake nema tsakanin 13.5 ne da 14.5. Ya jona kwamfuta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, irin wanda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tun 1996. Allon bai nuna komai ba. Bai yi mamaki ba, don an sha cire kan batir a garejin baya, hakan kuma yakan goge abin da motar ta adana.

"Kullum sai ta huce ake kawo ta," in ji shi. "Mu kuma sai mun gan ta tana cikin ciwon."

Ya sa yaronsa ya tayar da ita, ya kunna AC, ya rufe bonet, aka bar ta a tsakar rana, watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Ba a yi awa guda ba ta ɗauke, a tsaye, ba wanda ya taɓa ta. Abu na farko ya fito ke nan: ba Kura ba ce, ba gudu ba ne, zafi ne. Tafiye-tafiyen cikin gari gajeru ne, ana kashe injin kafin zafin ya ratsa ko'ina.

Yanzu minti 20 gare su kafin ta huce. Yaron ya murza makulli, dattijon ya kara kunne a bakin tanki: famfo ya yi gunjinsa na daƙiƙa biyu. Ya ɗaura gejin matsin mai, ya nuna wajen bar 3, daidai. Ya zare kwayil ɗaya, ya sa masa filogi, ya jingina da jikin inji, aka buga kik: babu tartsatsi. Ya gwada soket ɗin nozul da 'yar fitila, ita ma ko ƙyaftawa. Allurar da ke nuna juyin inji tana kwance a kan sifiri, kik na juyawa ko motsi ba ta yi.

Wuta da feshin mai sun ɗauke tare, ke nan abin da ya haɗa su ne ya samu matsala. Fis da rile duk lafiya. Saura biyu: kwamfutar motar, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, da sansar karanshaf da ke ba ta labari. Alhaji na jin birenbos ya dafe aljihu.

Dattijon ya aika aka sayo ledar fiya wata mai sanyi. Ya huda ta da haƙori, ya tsiyaya ruwan a kan wata 'yar baƙar roba mai kamar babban yatsa, a ƙasan inji kusa da fulin karanshaf. "Buga." Bugu ɗaya ta tashi.

Bai tsaya nan ba. Ya kwance sansar, ya auna ta da mita, ta nuna wajen om 2,000. Ya tsoma kanta a ruwan zafi, mita na jone. Lambar ta riƙa hawa a hankali, can sai allon ya nuna layi ya yanke. Ya fitar da ita, ta sha iska, lambar ta dawo.

A cikin robar akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Wani faifai mai haƙora yana juyawa a gabanta, a wasu injuna haƙora 36 a cire biyu, a wasu 60 a cire biyu. Giɓin nan ne ke gaya wa kwamfuta inda fistin yake, ta san lokacin feshin mai da lokacin ba da wuta. Wayar ta tsage a ciki. Da sanyi bakunan na haɗe, in ta yi zafi ta buɗe su rabu, labari ya yanke, kwamfuta ta ɗauka injin ya tsaya, sai ta tsayar da mai da wuta. Da aka sake jona kwamfutar gwaji, a wannan karon ta nuna P0335, lambar wannan sansa.

Aka sa sabuwa. Kuɗinta bai kai na batir da famfo da filogin da aka canza a banza ba. Dattijon ya ƙi sallamar motar sai da ya sake barinta a rana, sannan ya tuƙa ta da kansa har Kwanar Dangora ya dawo. Da zai miƙa makulli ya ce, "Alhaji, in mota ta sake mutuwa kana tafe, kada ka zare makulli, sitiyari zai kulle. Ka danne burki da ƙarfi sau ɗaya, ka gangara gefe. Kafin ka kira kowa, ka buga kik ka kalli allurar nan. Abin da ka gani shi za ka fara faɗa mini."