Motar da Ta Kai Sutudiyo Har Gida

A ƙarshen shekarun 1960, duk mawaƙin da ke son fitar da faifai a Ingila sai ya kama hayar sutudiyo, ya biya kuɗin awa-awa, ya kuma bi lokacin masu wurin. 'Yan ƙungiyar Rolling Stones kuwa mutanen dare ne, ba sa son a ƙayyade musu lokaci. A lokacin mawaƙinsu Mick Jagger yana da wani tafkeken gida a karkarar Hampshire mai suna Stargroves, inda suke so su riƙa aiki yadda suka ga dama. Ian Stewart, mai kaɗa musu fiyano kuma mai kula da tafiye-tafiyensu, shi ya kawo shawarar a ɗora kayan naɗar sauti gaba ɗaya cikin babbar mota.

Kafin a gane hikimar shawarar, sai an san cewa sutudiyo ɗaki biyu ne. Akwai inda makaɗa ke tsayawa gaban makirufo, akwai kuma inda injiniya ke zama da teburin haɗa sauti da na'urar tef. Ɗaki na biyun kaɗai aka mayar cikin mota. Idan an isa wuri, sai a ja wayoyi daga motar ta ƙofa ko ta taga, a kafa makirufo, shi ke nan falo ko zaure ya zama ɗakin kiɗa. Kamfanin Helios na Dick Swettenham ne ya ƙera teburin. Da farko na'urar layi 8 take ɗauka, ba da jimawa ba aka kai ta 16. Kowane layi yana riƙe sautin abu guda, ganga daban, jita daban, murya daban, don a iya ɗaga wannan a rage wancan daga baya.

Amfanin da ya fi burge ni ba sauƙin kuɗi ba ne. Kowane gini yana da irin amon da yake mayarwa, motar kuma ta ba makaɗan rok damar zaɓar ginin. A 1971 Led Zeppelin sun kai ta wani tsohon gida, Headley Grange. Aka ajiye gangunan John Bonham a gindin matakalar bene, injiniya Andy Johns ya rataye makirufo biyu daga sama, tsayin wurin ya ba waƙar "When the Levee Breaks" rugugin da har yau ake kwaikwayo. A shekarar ce Rolling Stones suka ƙaura Faransa saboda nauyin haraji, motar ta bi su gidan Nellcôte, inda suka naɗi yawancin kundin Exile on Main St. a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai zafi da danshi. A Disamba kuma Deep Purple suka tafi da ita Montreux a Suwizalan. Gidan cacar da suka shirya yin aiki a ciki ya ƙone ranar 4 ga wata ana tsakiyar wasan Frank Zappa, sai suka koma wani otal da babu baƙi, suka naɗi kundin Machine Head a barandar cikinsa. Waƙar "Smoke on the Water" labarin wannan gobara ce, har ma ta ambaci motar. Wanda ya san "No Woman, No Cry" ta Bob Marley, wadda ake jin 'yan kallo suna amshi, ya riga ya ji aikin motar nan, domin da ita aka ɗauki wasan a zauren Lyceum na Landan a Yulin 1975.

Daga baya kayan naɗar sauti suka ƙanƙance, suka yi araha, kasuwar motar ta ja baya. Stewart ya rasu a 1985. Motar ta koma hannun Bill Wyman, wanda a lokacin yake kaɗa wa Rolling Stones jitar bas, sannan a 1996 aka yi gwanjonta ta tafi New York. A 2001 wata gidauniyar kiɗa a Calgary ta Kanada, wadda yanzu ake kira National Music Centre, ta saye ta.

Adana irin wannan kaya yana da wuyar sha'ani. Na'urar da aka ajiye ba a kunnawa lalacewa take yi a hankali: ƙananan sassan lantarki su bushe, maɓallai su yi tsatsa, rufin wayoyi ya tsattsage. Mai gyara sai ya bi teburin layi-layi, ya gwada, ya tsabtace, sannan ya yanke hukunci a kan kowane sashe. In ya canza komai da sabo, sautin asali ya tafi. In ya ƙi taɓa komai, na'urar ta mutu. A ganina cibiyar ta zaɓi hanyar da ta dace, wato a gyara ta ta ci gaba da aiki maimakon a killace ta don kallo kawai. Tun bayan buɗe gininsu na Studio Bell a 2016, motar tana ajiye kusa da dandalin King Eddy, tsohon otal da ya shahara da kiɗan bulus, an kuma haɗa wayoyinta da dandalin, ta yadda makaɗan yau za su iya naɗar wasansu ta teburin Helios ɗin nan.