Trent Park da Abu Ghraib: Wa Ya Samu Sirrin da Yake Nema?

Duk rundunar da ta kama sojan abokan gaba, abu ɗaya take so daga bakinsa, wato sirri. Hanyar tatsar sirrin ce ta raba gidan Trent Park na Ingila da kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi.

Daga 1942, Turawan Ingila sun riƙa ajiye janar-janar ɗin Hitler da suka kama a Trent Park, wani katafaren gida da ke arewacin Landan. Ba mari, ba ankwa. Ga ɗaki mai kyau, ga jaridu, ga lambun shan iska, wani lokaci har a ɗauke su a mota a kai su cin abinci cikin gari. Abin da ba su sani ba shi ne an ɓoye na'urorin ɗaukar magana a jikin fitilu da murhu, har da bishiyoyin lambun. A ƙarƙashin ginin kuwa, mutanen Kanar Thomas Kendrick ne zaune dare da rana suna saurare, da yawansu Yahudawa da suka tsero daga Jamus, waɗanda Jamusanci harshen uwa ne a gare su.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ta yi aikinta. A watan Maris na 1943, Janar von Thoma yana hira da Janar Crüwell ya ambaci rokokin da Jamus ke gwadawa a asirce. Maganar ta ƙarfafa zargin da ake da shi, a watan Agusta jiragen Ingila suka yi wa sansanin Peenemünde, inda ake gwada rokokin, ruwan bama-bamai. A irin wannan hira ce kuma wasunsu suka faɗi da bakinsu yadda aka yi wa Yahudawa kisan kiyashi.

Shekara sittin bayan haka, sojojin Amurka a Abu Ghraib suka bi ta wata hanyar. Hotunan da suka fito a Afrilun 2004 sun nuna mutane tsirara an jibge su kan juna, an cusa musu buhu a ka, ana tsorata su da karnuka. Wani fursuna mai suna Manadel al-Jamadi ya mutu ana tsakiyar yi masa tambayoyi a Nuwambar 2003. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rahoton Red Cross na 2004: jami'an leƙen asirin rundunar ƙawancen Amurka da kansu suka ce kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na waɗanda aka tsare a Iraƙi bisa kuskure aka kama su. Wane sirri za a tatsa daga wanda bai san komai ba? In duka ya yi yawa, zai faɗi abin da mai dukan ke son ji ne kawai.

Kada a ɗauka Ingila waliyyiya ce. A daidai lokacin tana da wani gidan tsare fursunoni a unguwar Kensington, wanda aka zarge shi da azabtarwa. Gatan Trent Park na manya ne, kuma dabara ce, tausayi bai kawo ta ba. Saboda a rufa asirin dabarar ma aka ƙi gabatar da maganganun da aka naɗa a shari'ar da aka yi wa manyan jami'an Hitler a Nuremberg, wannan kuwa zalunci ne ga waɗanda aka kashe.

Duk da haka ba na haɗa su a ma'auni ɗaya. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta ce abin da ya wajaba fursunan yaƙi ya faɗa shi ne sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa, ta kuma haramta tilasta masa ƙarin bayani. Trent Park ta samu fiye da haka ba tare da ta taɓa jikin kowa ba. Abu Ghraib ta keta mutuncin mutane, ta ba masu tayar da ƙayar baya hotunan da suka riƙa jawo matasa da su, aka hukunta ƙananan sojoji 11, ba a gurfanar da ko minista ɗaya ba.