Shin Ko Kun San? Littattafan Yara Masu Zane na 'Yan Latin Amurka

Shin ko kun san cewa kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu a Amurka ɗan asalin Latin Amurka ne, wato iyayensa ko kakanninsa sun fito daga ƙasashe irin su Meziko, Kyuba, Peru da tsibirin Puerto Rico? Ƙidayar 2020 ta nuna yawan al'ummar ya haura miliyan 62. Amma da wata cibiya ta Jami'ar Wisconsin ta tantance littattafan yara na shekarar 2018, kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai ke ba da labarin waɗannan yara, alhali masu labarin dabbobi da makamantansu sun kai kashi 27. Wannan giɓi ne abin takaici, kuma shi marubutan da ke tafe suka tashi cikewa.

Shin ko kun san cewa uwar tafiyar ma'aikaciyar laburare ce? Pura Belpré, haifaffiyar Puerto Rico, ta fara aiki a laburaren jama'a na New York a 1921, a reshen unguwar Harlem, kuma ita ce 'yar tsibirin ta farko da ta samu wannan aiki. Ta duba kantocin littattafai ba ta ga ko ɗaya daga tatsuniyoyin da kakarta ke yi mata ba. Sai ta riƙa tara yara tana ba su da baki, da Turanci da Sifaniyanci, tana haɗawa da 'yan tsana da ta ɗinka da hannunta. A 1932 ta fitar da Pérez and Martina, labarin kyankyaso mace mai ado da ta ƙi masu neman aurenta ta zaɓi ɓera, daga baya angon ya faɗa tukunya. Tun 1996 ake ba da lambar yabo da sunanta ga marubuta da masu zane 'yan al'ummar.

Tomás Rivera fa? Ɗan leburorin gona ne daga Texas, suna bin kaka daga jiha zuwa jiha. A Iowa wata ma'aikaciyar laburare ta buɗe masa ƙofa ta ara masa littattafai. A 1979 ya zama shugaban Jami'ar Kalifoniya reshen Riverside. Pat Mora ta rubuta wannan labari na yarintarsa a 1997, Raúl Colón ya yi zanen.

Shin ko kun san cewa shekara 7 kafin Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun baƙaƙe da farare a 1954, wasu iyalai biyar 'yan asalin Meziko sun riga sun ci irin wannan shari'a a Kalifoniya? Gwaggon wata yarinya mai suna Sylvia Mendez ce ta kai ta makaranta a garin Westminster tare da 'ya'yanta na cikinta. Aka ce za a karɓi nata saboda hasken fatarsu da sunan mahaifinsu, su Sylvia kuwa su tafi makarantar 'yan Meziko. Gwaggon ta kwashe yaran duka ta koma gida. Mahaifin Sylvia, Gonzalo, ya haɗa kai da wasu magidanta suka shigar da ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar musu da nasara a 1947. Duncan Tonatiuh ya mayar da wannan tarihi littafin yara a 2014, mai suna Separate Is Never Equal. A ganina zanensa ya fi komai burgewa: duk fuska a gefe take kallo, kamar yadda mutanen Mixtec na kudancin Meziko ke zana tarihin sarakunansu a fatar barewa tun kafin zuwan Turawan Sifaniya. Yaron da ya buɗe littafin yana koyon tarihi biyu a lokaci guda.

Ba duka littattafan ne na gwagwarmaya ba. A Too Many Tamales na Gary Soto, wanda ya fito a 1993, wata yarinya ta saci jiki ta sa zoben mahaifiyarta tana cikin kwaɓa ƙullin masara na abincin Kirsimeti. Abincin kamar alale yake, a naɗe shi a ɓawon masara a turara. Da ta nemi zobe ta rasa, sai ta sa 'yan uwanta suka cinye guda 24 suna lalube.

Juana Martinez-Neal, 'yar Peru, ta rubuta labarin Alma, yarinyar da ke ƙorafin sunanta ya yi tsawo, har mahaifinta ya zaunar da ita ya faɗa mata kakanni da dangin da aka ɗauko sunayen daga gare su. Duk gidan da ake mayar da sunan kaka zai gane wannan labari nan take. Littafin ya samu yabon Caldecott, wanda ake ba masu zanen littattafan yara, a 2019.

Shin ko kun san cewa Yuyi Morales da littattafan yara ta koyi Turanci? Ta shiga Amurka daga garin Xalapa na Meziko a 1994 da jaririnta a hannu, ta riƙa zuwa laburare suna duba hotuna tare har kalmomin suka fara zama mata. A 2015 ta zama mace ta farko 'yar al'ummar da ta samu yabon Caldecott, saboda littafinta kan mai zane Frida Kahlo. A 2018 ta zana hijirarta a Dreamers, wanda ya fito da Turanci da Sifaniyanci, ta kuma cika shafukansa da hotunan bangon littattafan da ta koyi karatu da su.