Kafin Ka Datse Wutsiyar Lamba

Duk mai lissafin albashi, ko haɗa sakamakon jarrabawa, ko rubuta kuɗin adashe a kwamfuta, yakan ci karo da lamba mai ɗigo, kamar 28.7, wadda yake so ta koma cikakkiya. Ana iya datse mata wutsiya ta zama 28, ana kuma iya kai ta ga lambar da ta fi kusa da ita, wato 29. Jama'a da dama suna ɗauka manhaja ta san wanne suke nufi. Ba ta sani ba, abin da aka umarce ta kawai take yi.

Bambancin kamar ba komai ba ne, sai an maimaita shi. A watan Janairun 1982 kasuwar hannun jari ta birnin Vancouver da ke Kanada ta ƙaddamar da ma'aunin farashinta daga maki 1000. Duk cinikin da aka ƙulla, kwamfuta ta sake lissafi, ta bar gurbi uku bayan ɗigo, ta yar da sauran ba tare da ta kai shi ga mafi kusa ba. Haka take yi sau dubbai a rana, tamkar mai awon da ke tsakure 'yan ƙwayoyi daga kowane mudu. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin ya zube zuwa 524.811. Da aka gyara lissafin sai ga shi a 1098.892. Kusan shekara biyu 'yan kasuwa suna kallon faɗuwar da ba ta auku ba.

A Excel, wanda shi ne a hannun akawu da malaman makarantunmu, ROUND ne ke kai lamba ga mafi kusa. TRUNC datsewa yake yi, INT kuma kullum ƙasa yake ja: ka ba shi -2.5 ya ba ka -3, alhali TRUNC zai ba ka -2. Mai lissafin bashi ya lura da wannan.

Tarkon da ya fi kama mutane, a ganina, shi ne maɓallin nan na rage gurbin ɗigo. Ɓoye wutsiyar kawai yake yi, tana nan daram a ciki. Ɗalibi ya ci 39.6, allo ya nuna 40, wato makin tsallakewa, amma layin gaba ya rubuta masa ya faɗi, don kwamfuta 39.6 take gani. Ga uba riƙe da takarda yana neman ba'asi, malami kuwa ya rasa ta cewa.

Masu koyon harshen shirya manhaja na Python su ma suna da nasu tarkon. A can round(2.5) 2 yake bayarwa, round(3.5) kuma 4, domin idan lamba ta tsaya daidai tsakiya, ɓangaren da ke rabuwa biyu ake kai ta. Ka kuma gwada mayar da naira 0.29 zuwa kwabo da int(0.29*100), za ka ga 28. Dalili shi ne kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma 0.29 ba ya zama cif-cif a wannan tsari, sai sakamakon ya fito 28.999999999999996, int ya fille sauran.

Wani lokaci kuma lambar ce take fin gurbin da aka tanadar mata. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse daƙiƙa kusan 40 da tashinta, saboda an tura lamba mai ɗigo cikin ma'ajin da ba ya ɗaukar fiye da 32,767.

Saboda haka, idan kuɗi kake lissafawa, ajiye su a kwabo, cikakkun lambobi, sai wurin nunawa ka mayar da su naira. Kada ka riƙa daidaita lamba a kowane mataki, bari sai ka kai jimillar ƙarshe. Kafin ka miƙa aiki kuma, jarraba lissafinka da 2.5, da -2.5, da lamba mafi girma da kake zaton za ta shigo, ka gwama amsar da wadda ka samu da biro da takarda.