Yaushe Yaro Yake Gane Cewa Shi Ne a Madubi?

Ku ɗiga wa yaro ɗan shekara ɗaya jan-baki a hanci ba tare da ya ankara ba, ku zaunar da shi gaban madubi. Zai yi wa na cikin madubin dariya, ya kai masa hannu, wani ma ya leƙa baya yana neman abokin wasa. Ku sake gwadawa in ya kai wata 18 zuwa 24. A wannan karon hancinsa zai taɓa, wani har ya sunkuyar da kai don kunya. Ya gane mai jan hancin nan shi ne.

Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Gordon Gallup, shi ya fito da irin wannan gwaji a 1970, a kan birai nau'in cimfanzi. Ya sa musu maganin barci, ya shafa musu jan launi a gira da kunne. Da suka farka suka dubi madubi, sai suka dinga taɓa wurin a jikinsu. Daga baya giwa ma ta ci jarrabawar. Kare kam ya faɗi, amma a ganina an ƙware shi, tunda da hanci yake sanin duniya.

To, ashe sai da ido mutum ke sanin kansa? Ibn Sina, malamin nan da aka haifa kusa da Bukhara a 980, ya riga ya yi wannan tunani. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum farat ɗaya da cikakken hankali, yana rataye a sarari, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa a warwatse ba mai taɓa wata. Bai san yana da hannu ba, balle suna ko dangi. Duk da haka, in ji malamin, ba zai yi shakkar cewa yana nan ba. Wannan sanin da ya rage bayan an ɗebe komai, shi ake kira “ni”. Sai a 1637 Bafaranshe René Descartes ya biyo wata hanya ya iso kusa da nan: mai shakkar komai ba zai iya shakkar cewa akwai mai yin shakkar ba.

Hausa ma ta ajiye abin a wuri mai kyau. Kalmar da muke kiran ƙoƙon kai da ita, da ita muke cewa “ni da kaina”.

Ku dubi tagwaye masu kama ɗaya. Ciki ɗaya, nono ɗaya, ɗinkin Sallah iri ɗaya, har maƙwabta kan kira Hassan da sunan Husaini. Amma zanen yatsunsu daban ne. Ranar da haƙori ya hana Hassan barci, Husaini zai iya tashi ya yi masa sannu, ya ɗumama masa ruwan gishiri, har ya taya shi kuka. Zogin kuwa a bakin Hassan zai kwana.