Photoshop babba ko ƙarami: wanne ya dace da ɗan kasuwar Zongo?

A Zongon Lome, wanda hukuma ta tasa daga tsakiyar gari a 1977, yanzu hoto ne ke sayar da kaya. Mai atamfa zai ɗauki hoton turmi a kasuwar Asigame, ya tura wa abokin ciniki a Aflao ko Sinkase tun kafin kaya su hau mota. To da me za a gyara hoton?

Kamfanin Adobe na Amurka yana da manhaja biyu. Babbar ita ce Photoshop, wadda ta fito a 1990. Tun 2013 aka daina fitar da sabuwarta don sayarwa; haya ake yi, ranar da ka daina biya ta rufe. Ƙanwarta, Photoshop Elements, ta fito a 2001. Da can saye ɗaya ake yi, amma daga fitowar 2025 lasisinta na shekara uku ne.

Idan ƙara haske, yanke gefe da rubuta farashi ne bukatarka, ƙaramar ta wadatar, har ma GIMP ta kyauta. Inda ta gaza shi ne ɗab'i: ba ta aiki da tsarin launi na CMYK da injin buga kalanda da kwalin kaya ke so. Wannan aikin mai maɗaba'a ne, shi ya kamata ya biya hayar babbar.

Sai dai a yi hattara, Alhaji. Kowacce ka ɗauka, in ka ƙara wa shadda launin da ba nata ba, turmin zai dawo maka daga iyaka, kuɗin mota a wuyanka.