Shanyewar Ɓarin Jiki: Sunan Cutar da Jinyarta a Kadawa

Bahaushe ya kan raɗa wa cuta suna bisa ga abin da idonsa ya gani. Kalmar “shanye” daga “sha” ta fito, tana kuwa cikin aji na huɗu na aikatau bisa rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, watau ajin da ke nuna an yi abu ƙarƙaf. Saboda haka in an ce ɓarin jikin mutum ya shanye, kunne ya kan ji kamar wani abu ne ya zuƙe shi. Har wa yau sunan ya yi kusa da “shan-inna”, wadda ’yan bori ke jingina wa iskar nan Inna. Wannan na cikin dalilan da su kan sa a fara da rubutu da turare, asibiti ya biyo baya.

Alhali kuwa ciwon a ƙwaƙwalwa ya ke. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, wanda shi ya fi yawa, ko kuwa jijiyar ta fashe. Babban sanadinsa hawan jini ne. In ɓarnar ta auku a hagun ƙwaƙwalwa, daman jiki ke mutuwa, sau da yawa magana ta rikice, gama a nan mazaunin harshe ya ke ga yawancin mutane, kamar yadda Paul Broca na Faransa ya fara nunawa a 1861.

To, manomin Kadawa da bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ba shi da lokacin jira. Maganin narkar da gudan jini a cikin awa huɗu da rabi na farko a ke ba da shi, sai kuma hoton ƙwaƙwalwa ya tabbatar ba fashewa ba ce. Akwai babban asibiti a Kura, amma irin wannan bincike ya kan kai mutum birnin Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya ke, wanda aka kafa a 1988.

Bayan sallama aikin ya kan koma hannun mai jinya. Wajibi ne a riƙa juya majinyaci kamar kowace awa biyu don kada kwanciya ta ci masa fata, a zaunar da shi kafin a ba shi koko don gudun shaƙewa, a kai shi gashi, a yi ta jansa da hira. Sauƙi ya fi saurin samuwa a watanni ukun farko.

A nan Kadawa ke da tata matsala. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, rani ya daina zama lokacin hutu a Kura da Bunkure: shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. Hannun da zai juya majinyaci shi ne mai ban ruwa. Gidan da ya raba jinya tsakanin ’ya’yansa kamar yadda a ke raba ranakun ban ruwa, ya kuma tsare wa maigida shan maganin hawan jini kullum, ya rage haɗarin dawowar cutar.